Lambar Fensir a Gindin Zane: Jagora ga Mai Son Tara Bugun Hannu

A watan Fabrairun 2018, gidan gwanjon Bonhams da ke Landan ya sayar da wani zane na Ben Enwonwu mai suna Tutu a kan fam 1,205,000. Hoton wata gimbiyar Ife ne da ya zana a 1974. Ya yi shekaru ba a san inda yake ba, sai aka tsince shi rataye a wani gida a arewacin Landan. Duk tsawon lokacin da masana ke cigiyarsa, fuskar Tutu na nan a falon gidaje da dama a Najeriya, a fosta da inji ya buga. Fuskar dai ita ce, amma ɗaya ya yi kuɗin gidaje, ɗayan kuwa firam ɗin da aka sa shi a ciki ya fi shi tsada.

Tsakanin waɗannan biyun akwai abu na uku, kuma nan ne mai matsakaicin ƙarfi zai iya sa kai. Shi ne zanen bugun hannu. Mai zane ya shirya farantinsa da kansa, ya fitar da kwafi ƙidayayyu, 30 ko 50 ko 100, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir ya sa lamba ya sa hannu, sannan ya daina. Kowane kwafi na asali ne, domin babu wani zane a wani wuri da aka kwaikwayo. A kan farantin aka haifi aikin. Darajarsa duk ta rataya ne a kan cewa ya daina ɗin. Lambar nan ta gindin takarda alkawari ce, kuma aikin mai saye shi ne ya san wanda ya ɗauki alkawarin, ya kuma bincika ko mai cikawa ne.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mai sassaƙa hatimin roba a bakin sakatariya ya riga ya ga hanya ta farko ta yin wannan bugu. A yanke katako ko lino, a ƙwaƙule duk inda ba a son tawada ta taɓa, abin da ya rage a tudu shi ke ɗaukar tawada ya sauke a takarda. Hanya ta biyu kishiyar wannan ce: a karce farantin tagulla ko tutiya, ko a bar asid ya ci layukan, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman fes, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a tura cikin injin matsi har takardar ta shiga ramukan ta kwaso tawadar. Ta uku bugun dutse, wanda wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙirƙiro a 1796 bisa dalili ɗaya da kowace mai girki ta sani, wato mai da ruwa ba sa haɗuwa. A yi zane da alli mai maiƙo a kan dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙo yake kawai. Ta huɗu kuwa duk lokacin zaɓe muna ganinta wajen masu buga riguna: a ɗaure ƙyalle mai ƙananan ƙofofi a firam kamar rariya, a toshe wasu wurare, a ja tawada ta ratsa sauran.

Sanin waɗannan ba don burga ba ne. Kowace hanya tana barin sawunta a takarda, kuma sawun shi ne shaidarka ta farko. Bugun tagulla yana barin gurbin gefen faranti, wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu da ya kewaye zanen, kuma in ka karkata takardar wajen haske za ka ga tawadar ta ɗan yi tudu a kan layuka. A bugun katako ko lino, sau da yawa bayan takardar yana nuna alamar dannawa, kuma tawada kan ɗan taru a bakin siffofi. Bugun rariya launinsa shimfiɗe yake, mai kauri, kala a kan kala. Ka nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, wanda ke ninka abu sau 10, ka sa a aljihu. In ka leƙa ka ga hoton ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo a jere, shuɗi da ja da rawaya da baƙi kamar na kalanda, to inji ne ya ɗauki hoton wani zane ya buga. Ko an sa masa hannu da lamba, fosta ce mai lamba.

Akwai kuma wanda za ka ga an rubuta masa giclée a takardar shaida. Kalmar Faransanci ce da aka fara liƙa wa wannan aiki a farkon shekarun 1990, kuma abin da take nufi shi ne firinta mai fesa tawada, sai dai babba mai inganci. Ba na kushe shi gaba ɗaya. Masu ɗaukar hoto da masu zane a kwamfuta da shi suke fitar da aikinsu, kuma a wurinsu shi ne na asalin. Amma in zanen fenti aka ɗauka a hoto aka fesa a takarda, ka san kwafi ka saya, ka kuma biya kuɗin kwafi. Fayil ɗin da ke cikin kwamfuta ba ya gajiya, gobe ana iya fitar da wani 500.

Yanzu ga lambar kanta. A al'ada ana rubuta ta ne a gefen hagu daga ƙasa, sunan zane a tsakiya, sa hannu da shekara a dama. In ka ga 12/50, ma'anarsa kwafi na 12 cikin 50 da aka fitar a wannan zubin. Da fensir ake yi, domin ba ya koɗewa kamar biro, kuma yana da wuyar kwaikwayo da inji. In ka karkata takarda za ka ga ƙyallinsa da ɗan sawun da ya bari. Sa hannun da ke cikin zanen kansa, wanda aka buga tare da shi, ba ya cikin lissafi. Wani lokaci maimakon lamba sai ka ga haruffan A/P. Waɗannan su ne kwafin da mai zane ya keɓe wa kansa bayan zubin, kuma al'ada ta tsayar da su a wajen kashi 10 cikin 100 na zubin. Ke nan zubin 50 yana iya zama 55 a zahiri, ba laifi. In kuwa ka fara ganin A/P na zane ɗaya a shago uku daban-daban, da walakin.

Dillalai kan so su ce maka 1/50 ya fi 40/50 daraja. Galibi zance ne. Ana sa lamba ne bayan takardu sun bushe an tara su, kuma ba lallai wanda ya fara fitowa daga inji shi ya samu lamba ta ɗaya ba. Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne farantin da aka karce kai tsaye da allura ba tare da asid ba, domin ɗan gashin ƙarfen da ke riƙe tawada a bakin layi yana kwanciya da sauri, bayan 'yan kwafi kaɗan sai baƙin ya fara yin fari-fari. A nan ma idonka ne alƙali, ka ajiye kwafi biyu gefe da gefe ka duba wanda ya fi rai.

Tambayar da ta fi lamba muhimmanci ita ce, ina farantin yake yanzu? Mai zane mai amana, in ya gama zubi, yakan ja layi a kan farantin ko ya huda shi don kada a sake bugawa. Inda ba a yi haka ba, faranti kan rayu bayan mai shi. Farantan Rembrandt, wanda ya mutu a 1669, an ci gaba da bugawa da su ɗaruruwan shekaru bayansa, har layukan suka suɗe aka riƙa sake karce su. Salvador Dali kuwa a ƙarshen rayuwarsa ya riƙa sa hannu a fararen takardu da ba a buga komai a kansu ba, dubbai, kuma har yau kasuwar bugunsa cike take da jabu mai ɗauke da sa hannu. Babban suna ba ya kare ka. A gaskiya shi ne ya fi jawo ƙuda.

Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar ya fara daga gida, inda zai iya bin sawun abu da ƙafarsa. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a, kuma wani babban reshe nata a Zariya ya tsiro. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Wannan na ƙarshen, wanda aka haifa a 1932, shi ne ya zama uban masu bugun hannu a ƙasar. A 1967 asid ya lalata masa wani faranti, ya cike wuraren da gam mai ƙarfi don kada ya yi asara, da ya buga sai takardar ta fito da tudu da kwari masu zurfi kamar an sassaƙa ta. Daga wannan ɓarnar ya samo salon da ya kira filastogiraf. In ka taɓa ganin ɗaya ido da ido ba za ka ƙara ruɗa shi da fosta ba, domin inuwa na kwanciya a cikin ramukansa. Tun 1998 yake shirya taron horar da masu zane a garinsu Agbarha-Otor a jihar Delta. A Oshogbo ma, daga bitocin da Ulli da Georgina Beier suka shirya a shekarun 1960, an samu irin su Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Rufus Ogundele, waɗanda suka yi bugu da yawa. Ayyukan waɗannan dattawa yanzu sun yi tsada, kuma masu kwaikwayonsu sun yi yawa, musamman na Oshogbo.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka ba idonka abinci. In hanya ta kai ka Legas, akwai gidan zane na Nike a Lekki mai hawa da yawa, akwai gidan tarihin zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 a Jami'ar Pan-Atlantic, akwai kuma baje kolin ART X da ake yi duk shekara tun 2016. Gidan gwanjon Arthouse, wanda ya fara gwanjo a 2008, yana fitar da kundin abin da zai sayar da ƙiyasin farashi. Karanta tsofaffin kundayen nan makaranta ce kyauta. Amma wurin da na fi so shi ne nunin ayyukan ɗaliban da ke kammala karatu a sashen zane na jami'o'i da kwalejoji, kamar na Zariya. Nan za ka samu mai zanen tsaye kusa da aikinsa, tawada ba ta gama fita daga farcensa ba. Ka tambaye shi yadda ya yi, ka ce ya nuna maka farantin. Mai bugun gaske murna yake yi da wannan tambaya, har ya cika ka da bayani. Farashin kuma bai wuce abin da ma'aikaci zai iya cirewa a albashi ba.

Wani zai ce shi ba ya rataya hoton mai rai a gidansa. Wannan ba ya hana shi shiga harkar. Ƙasar da ta san zayyanar allo, da dagi a gaban riga, da adon bangon soraye na Zariya da Kano, ba ta buƙatar a koya mata cewa layi da launi kaɗai sun isa. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda gidan Tate Modern na Landan ya yi wa babban nuni a 2013, daga harafin Larabci da allon makarantar mahaifinsa salonsa ya taso. Zaɓen fanni ɗaya irin wannan ma alheri ne ga mai tarawa. Wanda ya ce shi bugun lino na matasan Arewa kawai yake bi, ko zanen da aka gina a kan rubutu, cikin shekara biyar zai san fanninsa fiye da dillalin da ke sayar masa. Mai tsince-tsince kuwa, yau doki gobe furanni, ɗakinsa ne kawai zai cika.

Idan ka tashi saye, ka nemi a fitar da takardar daga firam. Mai sayarwa na iya ɓata rai, ka yi haƙuri ka dage. Firam yana ɓoye gefen da aka datse, da yagewar da aka liƙe, da tabon ruwa, da gam. Ka ɗaga ta wajen haske. Takardar kirki ta auduga ce, mai kauri da laushi, kuma sau da yawa za ka ga tambarin kamfanin a cikin jikinta, irin su Arches ko Fabriano. Malamanmu sun san wannan tun da daɗewa: yawancin littattafan da aka rubuta da hannu a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku aka yi su, kuma ga su nan har yau ana karantawa, alhali jaridar bara ta riga ta yi ja tana karyewa. Bambancin shi ne waccan daga tsumma aka yi ta, wannan daga niƙaƙƙen itace mai asid.

Sannan rasit. Ba rasit mai cewa "zane ɗaya" ba. A rubuta sunan mai zane, sunan aikin, shekara, hanyar da aka bi aka buga, lamba da yawan zubi, girman takarda, farashi, da sunan mai sayarwa. In daga hannun wani mai tarawa ne, a faɗi inda shi ya samo. Takardar shaida mai zinariya a gefe ba ta fi wanda ya sa mata hannu daraja ba, kowa na iya buga ta a shagon kwamfuta. In mai zanen na raye, hoto ɗaya ta WhatsApp zuwa gare shi ko ga gidan da ke wakiltarsa ya wadatar. A gwanjo kuma ka tuna cewa kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. Akwai la'adar gidan a sama, wadda a manyan gidaje takan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, ban da kuɗin aikowa. Ka yanke iyakarka tun a gida. Zauren gwanjo yana da zafi, mutum kan ɗaga hannu don kawai kada wancan mai hular ya kayar da shi.

Abu biyu na doka, a taƙaice. Sayen zane bai ba ka ikon buga shi a kalanda ko riga ka sayar ba, haƙƙin mallakar yana wurin mai zanen. Kuma in sha'awar ta ja ka zuwa tsofaffin kaya, ka sani dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Duk wanda ya kira ka gefe ya buɗe maka buhu ya ce kan mutum-mutumin Nok ne, ko dai jabu ne ko na sata.

Sauran aikin duk na adanawa ne, kuma a nan na yi tawa asarar. Bugun lino na farko da na saya, wata kasuwa ce da rumfuna a baƙi da ja, na kai wa mai firam a unguwa na ce ya yi mini mai kyau. Ya kuwa yi iyakar ƙoƙarinsa yadda ya saba yi wa hoton biki. Ya datse farin gefen da almakashi don ya dace da firam ɗin da yake da shi, rabin lambar ya tafi. Ya shafa gam a bayan takardar ya manna ta a falanki, ya danna gilashi a kai. Ni kuma na rataye shi a bangon da ke kallon taga. Damina biyu, gam ya ratso ya yi taswira mai ruwan ƙasa, jan ya koma kalar shayi, wani ɓangare na tawadar ya kama gilashi. Laifina ne, ban faɗa masa komai ba domin ni ma ban sani ba.

Abin da ya kamata in ce masa shi ne: kada a yanke ko ɗan yatsa daga takardar, a yi firam daidai da ita. Kada gam ko salatef ya taɓa ta; a riƙe ta daga sama kawai da 'yan ƙananan maƙalai na takarda, ko a sa kusurwoyinta cikin 'yan aljihuna, yadda za ta iya miƙewa ta takura. A sa kwali marar asid a bayanta, a sa wani mai taga a gabanta don ya raba ta da gilashi. Laminatin kuwa kisa ne, ba a dawowa daga gare shi. In babu kwalin kirki a garinku, gara ka ajiye zanen a kwance cikin babban fayil tsakanin fararen takardu masu kyau har ka samo, da ka sa shi a firam ɗin da zai cinye shi.

Yanayinmu ba ya tausayin takarda. Gidajen tarihi suna ƙoƙarin riƙe danshin iska a wajen kashi 50 cikin 100 duk shekara. Mu kuwa da hunturu iska kan bushe ƙarau har takarda ta yi tauri, a watan Agusta kuma ta jiƙe ta kumbura ta yi tudu-tudu, fumfuna ta samu wurin zama, ɗigon tsatsa-tsatsa ya fito. Ba kowa ke da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana ba, kuma kunna ta da kashe ta bisa ga yadda wuta ta ga dama ya fi rashinta illa. Dabarar talaka ita ce zaɓen bango. Ka nemi bangon ciki wanda ruwan sama ba ya dukan bayansa, nesa da kicin da banɗaki da inda ake turare, inda rana ba ta sauka kai tsaye a kowane lokaci na yini. Ka liƙa 'yan ƙananan toshe a kusurwoyin ƙasa na bayan firam don iska ta riƙa wucewa. A rufe bayan firam da takarda saboda ƙurar hunturu da kyankyasai. Kada ka jingina zane a ƙasa ko da na kwana biyu ne. Gara ba ta neman izini. In za ka goge gilashi, ka fesa ruwan a tsumma, domin wanda aka fesa a gilashi yana gangarawa ya shige ƙarƙashin firam. Hasken da ya ci launi ba ya mayarwa, don haka in kana da zane shida, ka rataye uku, uku su huta a duhu, bayan wata shida ka sauya.

Game da riba, ba zan yi maka daɗin baki ba. Labarin Tutu ana ba da shi ne domin irinsa ba ya yawan faruwa. Yawancin abin da za ka saya, in ka tashi sayarwa, da ƙyar zai mayar da kuɗinsa bayan la'ada, kuma mai saye ba ya zuwa ranar da kake buƙatarsa kamar mai sayen fili ko zinariya. Ka sa kuɗin da in bai dawo ba ba za ka hana yara kuɗin makaranta ba, a kan abin da za ka so ka riƙa gani kullum bayan sallar asuba.

Ni dai tun bayan waccan asarar na sayi littafi mai bango mai tauri. Kowane zane yana da shafinsa: ranar da na saya, wurin wa, nawa, abin da mai zanen ya faɗa mini game da shi, da hoton gaba da baya, rasit kuma a maƙale da fil. Duk ƙarshen damina nakan sauke firam ɗin gaba ɗaya, in juya bayansu, in duba da tocila, in rubuta abin da na gani. Shafi na farko na kasuwar nan ce mai rabin lamba. Tana nan a cikin fayil, har yanzu manne da falankinta, ana iya karanta 20 ɗin da ke ƙasa amma ba a san na nawa ba ne a cikinsu.